Arzikin mutane

A kasuwar Maraɗi, in ana zancen babban ɗan kasuwa, ba a fara ƙirga jikkunansa. Babu wanda ya san abin da ke cikin akwatinsa. Abin da kowa ke gani shi ne mutanen da ke gaishe shi da safe, da masu cin tuwo a zaurensa da dare, da waɗanda za su tashi tsaye in wani abu ya same shi. Wannan shi ake kira arzikin mutane.

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin darajarsa, don sun sha rasa kaya. Katsinawan da suka kafa sarauta a Maraɗi tare da Ɗan Kasawa, yaƙi ne ya raba su da Birnin Katsina, da gidajensu da gonakinsu. Gobirawa ma haka. Birninsu Alƙalawa ya faɗi a 1808. A 1836 aka ci su da yaƙi a Gawakuke. Bayan nan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, da taimakon Sarkin Katsina Ɗan Mari. Maƙwabci ne ya ba maƙwabci wurin zama. Can kuma a 1945, Gulbi ya cika ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama. Gidajen ƙasa suka rushe, har aka tashi garin aka maida shi bisa tudu. A irin wannan rana, ruwa na tafiya da rumbu da tufafi, amma mai dangi ba ya kwana waje.

Yaya ake samun arzikin mutane? Ba a sayensa a kanti. Yaro yakan zo wurin ɗan kasuwa ya zama baransa. Yana ɗaukar kaya, yana zuwa aike, yana tsaron shago. Ubangida kuma yana ciyar da shi, yana yi masa tufafi. In ya ga yaron na da hankali, sai ya yi masa aure, ya ba shi jari. Alhazan Maraɗi da yawa haka suka fara, zamanin da ake sayen gujiya ana kai wa kamfanonin Turawa. Da fari ya zo, daga 1968 zuwa 1974, cinikin gujiya ya mutu. Waɗanda ke da mutane suka juya ga wani fatauci, musamman tsakaninsu da Nijeriya. Wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kan alhazan nan, ya fito a 1986.

To, amma mutane ba su zama da mai mugun hali. Ubangida kan danƙa wa bara kuɗi masu yawa ya aike shi Kano. Ba takarda, ba sa hannu. Yaron ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya shi kaɗai, ba mai ganinsa. Me zai hana shi gudu? Amana. Wannan kuwa cikin zuciya take, kuma ba rana ɗaya take girma ba. Tana farawa tun yaro na maido da canjin da ya rage in an aike shi sayen gishiri. A 1974 wani malami ɗan Ingila, Kirk-Greene, ya tattara halayen da Hausawa ke dubawa kafin su ce da wani mutumin kirki. Ya samu goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu kuɗi a cikinsu.

A Jiratawa ana ganin aikin haƙuri da ido. Can akwai gonakin noman rani, inda ake noman zogale da albasa da tumatir. Ruwa na bin magudana, kowane manomi da lokacinsa. Wanda ya tare ruwan maƙwabcinsa da dare, albasarsa za ta yi kyau, amma ranar da ya kwanta ciwo babu mai ba shukarsa ruwa. Wanda ya jira lokacinsa kuwa, ko ya yi tafiya, gonarsa ba ta bushewa.

Mata ma da nasu. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi, da taimakon ƙungiyar CARE. Kowane mako mata su taru, kowacce ta zuba abin da aka yanka cikin akwati. Mai bukata ta ci bashi, ta yi sana'a, ta maido. Ba banki, ba jingina. Sanin juna shi ne jinginar. Wannan dubara ta fita daga Nijar, ta kai ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya.

Sai dai a lura, ba duk taron ƙofar gida ne arziki ba. Wasu tuwo ke kawo su, ranar da tukunya ta huce ba a sake ganinsu. Akwai kuma mai mota da gidan bene wanda ba ya barci, kullum yana hangen abin da wani ya fi shi. Abin da ya rasa sunansa wadar zuci. Wadar zuci ba lalaci ba ne. Mai ita yana aiki da ƙarfinsa, in ya samu ya gode wa Allah, in wani ya samu bai ji zafi ba.

Ibada ita ke koya wa zuciya wannan. A masallaci alhaji da baransa sahu ɗaya suke tsayawa, kafaɗa da kafaɗa. A watan azumi mai rumbu cike yana jin yunwar da maras hatsi ke ji. Kafin sallar idi, maigida ya auna zakkar kono, ta kansa da ta kowa a gidan, har jariri. Sau da yawa yara ake aikawa da ita. Su ɗauki ƙwarya su kai wa tsohuwar unguwa, su rusuna su ce: “Iya, ga shi in ji Baba.” Ita kuma ta sa musu albarka, ta ce a gaida mutanen gida.

Tambayoyi

1. Mene ne arzikin mutane?
2. Wa ya taimaki Gobirawa suka kafa Tsibiri?
3. Me ya faru a Maraɗi a 1945?
4. Mene ne bambancin wadar zuci da lalaci?
5. A tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a gida: wa ya taimake su lokacin fari? A rubuta amsar cikin layi biyar.