Abin da ke Cikin Ƙwayar Halitta

Ku yanka albasa, ku ɓare saɓa guda. Daga ciki za ku ga wata fata siririya da ake iya ɗaye ta da farce. Idan aka shimfiɗa ta a kan gilashi, aka ɗiga mata ruwa, aka sa ta ƙarƙashin madubin likita, sai a ga 'yan ɗakuna jere reras, kowanne da bangonsa da wani ɗigo a ciki. Kowane ɗaki ɗaya shi ake kira ƙwayar halitta. Wani masani a Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ganin irinsu a ɓawon itace, ya bayyana su a littafi a shekarar 1665.

Jikin mutum da na akuya da na gero duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su. Ido bai ganinsu, amma kowace gida ce guda, da ma'aikatanta a ciki.

Fata ce ta kewaye ƙwayar. Ita ke barin abinci ya shiga, datti ya fita. A ciki akwai ruwa mai kauri, kuma a nan sauran sassan suke zaune.

Na farko da ya kamata ku sani shi ne mitokondiriya, murhun gidan. Tuwon da kuka ci yakan narke ya zama sukari, jini ya kai shi ga kowace ƙwaya tare da iskar oksijin da kuka shaƙa. A cikin mitokondiriya ake haɗa su, ƙarfi ya fito. Shi ya sa mai huɗa a gona yake haki: ƙwayoyin damtsensa ne ke neman ƙarin iska. Naman zuciya, da ba ya hutawa dare da rana, cike yake da mitokondiriya. Abin mamaki kuma, daga uwa kaɗai mutum ke gadonsu.

Tsiro yana da nasa ƙari. A ganye akwai kuloroplas, wanda ke ba shi launin kore, kuma shi ke amfani da hasken rana ya haɗa ruwa da iska ya yi sukari. Akwai kuma wata jakar ruwa babba a tsakiyar ƙwayar. In ta cika, ganye ya miƙe. In ta sace, ya yi yaushi, kamar yadda alayyafo ke yi da tsakar rana kafin a yi ban ruwa.

Ɗigon nan da muka gani a albasa kuwa shi ne cibiya. A cikinta aka ajiye umarnin gina jiki, a wasu zare da ake kira kuromosom. Mutum yana da 46: 23 daga uwa, 23 daga uba. Daga cibiya saƙo ke fita zuwa wasu ƙananan ma'aikata, ribosom, su ƙera furotin daidai yadda aka faɗa musu.

Wannan ba zancen makaranta ba ne kawai, domin a nan ciwon sikila yake farawa. Jan jini yana ɗauke da wani furotin mai dakon iska. Idan umarnin ƙera shi ya zo da tangarɗa daga uwa da uba duka biyu, ƙwayar jinin sai ta lanƙwashe ta yi tauri, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Lafiyayyar ƙwayar jini takan kai kwana 120, amma ta mai sikila da wuya ta wuce 20, don haka jininsa kullum a ƙarance yake. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, kuma ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, ko da yake ita aka fi ɗora wa.

Mai AS, wato wanda ya gaji tangarɗar daga gefe ɗaya kawai, yawanci lafiyarsa ƙalau, ba ya jin komai. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Ba a gane wannan a fuska. Gwajin jini a asibiti ne ke nunawa, kuma gara a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.