Idan Leɓe Ya Fashe, Me Za Mu Yi?

'Yan uwa ɗalibai, a filin ƙwallo ko wajen langa ko rububin fita tara, mukan ga wani ya faɗi leɓensa ya fashe. Jinin yakan yi yawa har mu tsorata. Dalili shi ne leɓe cike yake da ƙananan hanyoyin jini, kuma shi ya sa yake saurin warkewa.

Da farko a kira malami. A wanke hannu da sabulu, a zaunar da wanda ya ji ciwon, ya ɗan sunkuyar da kansa don kada ya haɗiye jini. A danne wurin da tsumma mai tsabta na minti 10, ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Idan jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a naɗe ƙanƙara a hankici a ɗora don rage kumburi. Kada a sa toka ko ƙasa ko makilin, datti kawai suke ƙarawa.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Ku duba madubi, akwai layi inda jan leɓe ya haɗu da fatar fuska. Idan yanka ya tsallake wannan layi, komai ƙanƙantarsa, sai an je asibiti a ranar. In bakin ciwon ya haɗe a karkace, ko da milimita 1 ne, za a riƙa ganinsa a fuskar mutum har ya tsufa. Saboda haka likita yakan yi allurar kashe zafi, ya fara ɗinki daga kan layin don ya daidaita shi, sannan ya ɗinke sauran. Zaren ciki yakan narke da kansa, na waje kuwa ana cire shi bayan kamar kwana 5.

Haka ma za a je asibiti idan jini ya ƙi tsayawa, ko ciwon ya huda har cikin baki, ko cizon dabba ne, ko haƙori ya karye, domin guntunsa yana iya maƙalewa a cikin leɓen. A can za su duba ko ana buƙatar allurar tetanus.

Bayan ɗinki sai koko ko kunu wanda ya huce, da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan cin abinci. Yaji kam, masu son awara sai ku yi haƙuri na 'yan kwanaki.