Darasin Kimiyya: Abin da ke Gogewa da Abin da ke Zama Idan Aka Yi wa Waya Riset

Darasinmu na yau a kan abu ne da kusan kowa a ajin nan ya taɓa yi, ko ya ga an yi a gabansa: goge waya ko tabulet gaba ɗaya a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, abin da masu gyara ke kira riset. Ana yin sa idan za a sayar da waya, ko ta fara nauyi, ko an manta lambar buɗe ta. Tambayar da za mu bi ita ce: idan aka danna riset, me ke gogewa da gaske, me kuma ke zama? Amsar ta rataya a kan abu biyu. Na farko, ko bayanan wayar a sirrance suke. Na biyu, ko wani ya taɓa shiga cikin babbar manhajarta ya sauya wani abu.

Yadda aka kasa ma'ajiyar waya

Ma'ajiyar da ke cikin wayar Android ba fili ɗaya ba ce, an kasa ta sassa. Akwai sashen 'yar manhajar da ke fara tashi idan an kunna waya, wadda ake ce wa butloda. Ita ce ke duba sauran kafin ta ba su izinin aiki. Akwai sashen babbar manhaja, wato Android kanta da duk abin da kamfani ya ɗora mata. Akwai sashen ceto, wanda ake shiga ta hanyar danne maɓallin wuta da na sauti tare. Akwai ƙaramin sashe mai riƙe da bayanan sadarwa, har da lambar IMEI mai alƙaluma 15. Sai kuma sashen mai waya: hotuna, saƙonni, lambobin mutane, manhajojin da ya sauke, da asusun da ya shiga.

Ku rubuta wannan a littafinku: riset sashen mai waya kawai yake taɓawa. Sauran sassan yana barinsu yadda ya same su. Rabin darasin nan daga wannan jimlar ya fito.

Dalilin da gogewa ba ta gogewa

Kowace ma'ajiya tana da teburin da ke nuna inda kowane fayil yake. Idan ka goge hoto, abin da ake cirewa shi ne sunansa daga teburin, a rubuta cewa wurin babu kowa. Hoton kansa yana nan kwance har ranar da aka ɗora wani abu a kansa.

A ma'ajiyar waya lamarin ya ƙara cuɗewa. Ƙwayoyinta suna gajiya idan aka yawaita rubutu da gogewa a kansu, saboda haka akwai mai kula a ciki da ke rarraba aiki don kada wani gefe ya riga wani mutuwa. Idan ka ce a rubuta sabon abu a kan tsohon, sau da yawa sai ya kai sabon wani wuri daban, ya bar tsohon a gefe sai an samu lokacin share shi. Ke nan ko ka cika waya da bidiyo don ka danne abin da ke ciki, ba ka da tabbacin ka kai kowane lungu.

An gwada wannan a aikace. A 2014 kamfanin Avast ya sayi wayoyin hannu guda 20 a eBay, waɗanda masu su suka goge kafin sayarwa, ya farfaɗo da hotuna sama da 40,000 daga cikinsu. A 2015 Laurent Simon da Ross Anderson na Jami'ar Kambirij a Ingila suka bincika wayoyi 21 masu Android 2.3 zuwa 4.3, suka tarar riset yana barin saƙonni da hotuna, har da shaidar shiga asusun Google a mafi yawansu. Waɗannan tsofaffin wayoyi ne, amma irinsu ba su ƙare a hannun mutane ba.

Sirrantawa

Bari mu yi gwaji a allo. Ku ɗauki kalmar RUWA, ku matsar da kowane harafi gaba da taki uku a jerin haruffa 26 na A zuwa Z. R ta zama U, U ta zama X, W ta zama Z, A ta zama D. Mun samu UXZD. Wanda ya san cewa taki uku aka yi zai dawo da kalmar nan take. Wannan ukun shi ne mabuɗi. Raunin wannan hanya a fili yake: mabuɗai 25 kacal ake da su, yaro ma zai gwada su duka kafin a tashi makaranta.

Wayoyin yau suna aiki da tsarin lissafi mai suna AES, mabuɗinsa kuma yakan kai tsawon bit 256. Yawan mabuɗan da za su iya fitowa daga nan lamba ce mai alƙaluma 78. Babu kwamfutar da ake da ita a duniya da za ta gwada su ɗaya bayan ɗaya ta gama. Duk hoton da ka ɗauka, kafin ya kwanta a ma'ajiya an riga an hautsina shi da irin wannan mabuɗi, kuma sai da shi ake warware shi idan ka buɗe.

Ku lura, lambar sirrin da kake bugawa ba ita ce mabuɗin ba. Waya ce ke ƙirƙirar mabuɗin da kanta, sannan ta kulle shi da haɗin lambarka da wani sirri da ke binne cikin guntun lantarkinta, wanda ba ya fita waje. Shi ya sa ko an ciro ma'ajiyar an ɗora ta a wata na'ura, ba a karanta ta. A iPhone wannan aiki yana hannun wani keɓaɓɓen sashe da Apple ya fara sakawa a iPhone 5s a 2013.

Yanzu ku haɗa wannan da abin da muka faɗa a baya. A waya mai sirrantawa, riset ba ya buƙatar bin kowane hoto ya share. Mabuɗin yake hallakawa. Ko da ragowar bayanai sun maƙale a wani lungu, sun zama tarkacen lambobi marasa ma'ana, ga kowa, har da kai mai su. Wannan ne dalilin da waya mai cin gigabait 128 ke gama gogewa cikin 'yan mintuna. A ganina wannan na cikin dabaru mafi kyau da injiniyoyin waya suka fito da su, domin sun mayar da aiki mai wuyar tabbatarwa ya koma share abu ɗaya ƙarami. Amma kaifinsa biyu ne: wanda ya yi riset bai ajiye kwafi ba, kada wani ya karɓi kuɗinsa da alkawarin dawo masa da hotunan biki. Ba za su dawo ba.

Wace waya ce ke da wannan kariya? iPhone tun daga 3GS ta 2009 take sirranta ma'ajiyarta. A Android an fara ba da zaɓin ne a 2011, aka wajabta shi a Android 6 ta 2015 ga wayoyin da ke da ƙarfin ɗauka, wanda ya bar masu araha da yawa a waje. Android 7 ta zo da tsarin ba kowane fayil kariyarsa, sannan daga Android 10 ta 2019 aka wajabta wannan tsari ga sababbin wayoyin da ke fitowa da ita. Wanda ke riƙe da wadda ta girmi haka, sai ya shiga saiti ya kunna sirrantawa da hannunsa, ya sa doguwar kalmar sirri, ya jira ta gama, sannan ya yi riset. Tsawon kalmar yana da muhimmanci, domin binciken Kambirij ya nuna wasu tsofaffin wayoyi suna barin kulallen mabuɗin a baya, kuma lamba huɗu ba ta da wuyar cinka.

Wayar da aka taɓa cikinta

Nan ne aka fi yin kuskure. Wasu suna buɗe butloda, su yi wa waya rutin don samun cikakken iko, ko su cire manhajar kamfani su ɗora wata kamar LineageOS, ko su sauya sashen ceto da TWRP. Duk waɗannan sauye-sauye a wajen sashen mai waya suke zaune. Kamar gidan haya ne: ɗan haya ya kwashe kayansa ya share ɗakuna tas, amma ƙofar da ya fasa a katangar baya tana nan tana jiran wanda zai shigo bayansa. Wayar da aka yi wa rutin da Magisk, alal misali, bayan riset sashen tashinta yana nan a sauye, butlodarta kuma a buɗe.

Wannan ba zancen masu wasa da waya kaɗai ba ne. A 2019 kamfanonin tsaro suka ba da rahoton wata muguwar manhaja mai suna xHelper, wadda Symantec ya ce ta kama na'urori kusan 45,000 cikin wata shida. Mutane suna yin riset tana dawowa. Daga baya masu bincike na Kaspersky suka nuna cewa tana samun ikon rutin ta dasa kanta cikin sashen babbar manhaja, inda riset ba ya kaiwa. Manhajar leƙen asiri da wani ya dasa ta wannan hanya ita ma haka za ta tsira.

TWRP tana da nata tarkon. Gogewar da take yi ta yau da kullum tana cire manhajoji da saiti, amma da gangan take tsallake babban fayil ɗin hotuna da bidiyo, don masu sauya manhaja kada su riƙa rasa kayansu. Wanda ya yi wannan ya miƙa wa mai saye, ya miƙa masa hotunan iyalinsa. Zaɓin da ke share komai har da sirrantawar shi ne wanda aka rubuta wa Format Data, kuma sai ka buga amincewa da hannunka kafin ya yi aiki. Ku sani kuma wasu masu rutin suna kashe sirrantawa baki ɗaya, sai sabuwar waya ta koma halin tsofaffin da muka ambata.

Maganin waya irin wannan shi ne filashin: a sauko da ainihin manhajar kamfani ta wannan samfurin daidai, a sake rubuta dukkan sassan da aka taɓa. Samsung ana yi mata da Odin. Wayoyi masu guntun MediaTek, kamar yawancin Tecno da Infinix da suka cika kasuwar Farm Centre a Kano, ana yi musu da SP Flash Tool. A nan akwai haɗari biyu. Idan aka zaɓi share komai kafin ɗorawa ba tare da ajiye kwafin sashen sadarwa ba, IMEI na iya tafiya, waya ta tashi lafiya amma ta ƙi ganin sabis. Idan kuma aka rufe butloda alhali manhajar da ke ciki ba ta kamfani ba ce, sai butlodar ta ƙi amincewa da ita, waya ta ƙi tashi. Filashin tukuna, a tabbatar ta tashi, sannan a rufe. Akwai ma abin da ba ya komawa: Samsung na da wani ɗan fis a tsarin tsaronsu na Knox da ke ƙonewa da zarar an ɗora manhajar da ba tasu ba, kuma ayyukan tsaro irin su Secure Folder sun daina aiki ke nan har abada. iPhone da aka fasa wa kulle ita ma an fi so a haɗa ta da kwamfuta a sake ɗora mata iOS daga tushe, maimakon a goge ta daga cikin saiti.

Kullen da riset ba ya buɗewa

Apple ya kawo kullen asusu a iOS 7 a 2013, Google ya biyo baya a Android 5.1 a 2015. Idan aka goge waya ta sashen ceto ba a cire asusun mai ita ba, tana tashi za ta nemi wannan asusun. An yi haka ne don wayar sata ta rasa daraja, kuma ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, duk da cewa yana kama masu gaskiyar da wani ya buɗe musu asusu a shago ba su taɓa sanin kalmar sirrinsa ba. Wayar da aka karɓa bashi ana biya kaɗan-kaɗan, da tabulet ɗin da makaranta ko ma'aikata ta yi wa rajista, su ma yawanci kullensu yana dawowa da zarar sun hau intanet. Mai saye ya sa a goge wayar a gabansa, a kunna ta, a wuce matakin asusu, kafin kuɗi su fita daga aljihunsa.

Tsarin aiki

A fara da ajiye kwafin hotuna, lambobi da hirarrakin WhatsApp, a kuma tabbatar an tuna kalmar sirrin kwafin idan an sa masa. A kwashe manhajar lambobin tantancewa zuwa sabuwar waya, a fita daga manhajojin banki. A cire asusun Google, da na Samsung ko Xiaomi idan akwai, ko a fita daga iCloud. Wanda ya sauya kalmar sirrin Google kwanan nan ya jira awa 24, kamar yadda Google da kansa ya ba da shawara. A sa caji ya isa, sannan a yi riset daga cikin saiti.

Layi da katin memori riset bai shafe su ba, sai an zare su da hannu. Layin ya fi haɗari, tunda da shi ake karɓar lambobin banki ana kuma tura kuɗi. Memorin da aka sirranta ko aka haɗe da ma'ajiyar ciki kuwa akasin haka ne: mabuɗinsa a cikin waya yake, riset zai tafi da shi, saboda haka a kwashe abin da ke kansa tun kafin a fara.

Aikin gida: kowa ya buga *#06# a wayar gidansu ya kwatanta lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali, ya duba wace Android ce a ciki, sannan ya nemo a saitin tsaro ko an nuna cewa a sirrance take. Kada wanda ya danna riset. Ku zo da abin da kuka samu a rubuce ranar darasi na gaba.