Koyar da Fiziks da Kayan Cikin Gida: Misali daga Birnin Gwari

Babbar matsalar malamin Fiziks a makarantun sakandare na karkara ita ce rashin ɗakin gwaje-gwaje. A ƙasar Birnin Gwari, inda ta'asar 'yan bindigar daji ta sa aka rufe makarantu da dama kafin sulhun shekarar 2024, ɗalibi kan kai ajin ƙarshe bai taɓa auna komai da hannunsa ba, alhali kuwa jarrabawar WAEC da ta NECO duk suna da ɓangaren gwaji a aikace. Wajibi ne malami ya nemi kayan aiki daga abin da yaran suka saba gani.

Darasin dansiti, wato nauyin abu gwargwadon girmansa, misali ne mai kyau. Yankin ya yi suna wajen haƙar zinare, don haka yawancin yara sun san yadda ake rairayar ƙasa cikin ruwa, yashi ya fice, zinare ya kwanta a ƙasan kasko. Abin da ba su sani ba shi ne dalili. Zinare ya ninka ruwa nauyi kimanin sau 19, yashi kuwa sau 2.6 kawai. Malami zai cakuɗa yashi da gutsattsarin ƙusa a ƙwarya, ya bar ɗalibai su rairaya da kansu. Ƙarfe ya ninka ruwa kusan sau 8, saboda haka shi ma ƙasa zai kwanta. Sai bayan sun gani, sun kuma yi gardama, sannan a rubuta ƙa'ida a allo. Malamin da ya fara da ƙa'ida, hadda kurum ya koyar.

Daga nan sai awo. Za a yanke gorar roba, a riƙa zuba ruwa da sirinji ana yi mata shaida. Dutse mai giram 52 da ya ɗaga ruwa da mililita 20, dansitinsa 2.6 ke nan.

Sai dai akwai gargaɗi. Kada a kawo dalma ko ɗanyen dutsen ma'adini cikin aji. A shekarar 2010, gubar dalma daga dakan irin wannan dutse ta kashe yara kimanin 400 a Jihar Zamfara, wadda ke maƙwabtaka da Birnin Gwari.

Jinga: A tsara darasin minti 40 a kan dansiti, ba tare da kayan saye ba.