DARASIN KWAMFUTA: WA KE GYARA LITTAFIN SUNAYE?

A wannan makon mun kawo muku darasi kan yadda kwamfuta ke gano 'yar'uwarta.

Mu mutane suna muke riƙewa, ita kuwa kwamfuta lamba ta sani, irin su 192.168.1.5. Shi ya sa akwai wata babbar kwamfuta, uwar garken sunaye, mai riƙe da littafin da ke haɗa kowane suna da lambarsa. Ana kiran tsarin DNS. Paul Mockapetris ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1983. A Nijeriya, ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng.

To, ina matsalar? Lamba tana canzawa. Mun tuna ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya tashi ƙauyuka a ƙasar Hadeja. Mutum ya koma wani wuri, sunansa bai canza ba, amma mai nemansa a tsohon gida sai ya dawo hannu rabbana. Haka kwamfuta take. Yau a ba ta wannan lamba, gobe wata.

Da can da hannu ake gyara littafin. A 1997 aka fito da ƙa'idar da ta ba kwamfuta damar aika gyara da kanta. A ofis ko babbar makaranta akwai uwar garke ta biyu mai rajistar ma'aikata da kwamfutoci. Ita ma tana bukatar rubuta sunanta da aikinta a littafin, don sauran su same ta. Ga abin da mai kula da kwamfutoci yake yi:

1. Ya zaɓi sashen littafin da za a riƙa gyarawa.
2. Ya buɗe izinin karɓar gyara a wannan sashen kaɗai.
3. Ya faɗi wanda aka yarda da shi, ta lambarsa ko ta mabuɗin sirri. Mabuɗin ya fi tsaro.
4. Ya gwada, ya ga ko sabon suna ya shiga.

Mataki na uku ne muka fi so ku riƙe. Ku duba rajistar ajinmu. Da kowa zai iya rubutu a ciki, da wanda ya tsere zuwa kasuwa ya sa wa kansa alamar ya zo. Idan ɓarawo ya samu damar gyara littafin sunaye, za ka rubuta sunan shafin duba sakamakon jarabawa daidai, amma ya kai ka shafin bogi, ya kwashe kuɗin babanka.

Kada ku raina wannan littafi. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp sun ɗauke kusan awa shida, bayan wani kuskure ya sa an kasa kaiwa ga uwar garken sunayensu.

Tambayar mako: wane ne ke da izinin gyara rajistar ajinku, kuma don me? Ku kawo amsa kafin Alhamis.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu.