GIDA, IYALI DA MAZAUNI: ME DOKA TA CE?



Bahaushe ya ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma a ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum mutane da yawa sun bar gida ba da son ransu ba. Hare-haren 'yan bindiga, kamar na watan Janairu 2022 da ya hallaka mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sun watsa dubbai zuwa cikin garuruwa. Saboda haka darasinmu na wannan wata ya dubi kalmomin da muke faɗa kullum, amma ranar wahala ma'anarsu ke yanke hukunci.

Mu ɗauki misali. Wata mace daga wani ƙauye kusa da Adabka ta rasa mijinta, ta gudu Gummi da 'ya'yanta huɗu, ta sauka a gidan yayarta. Masu rubuta sunaye don rabon agaji sun tambaya ko gida nawa ne a nan. Ƙannen mijinta sun aiko cewa gona da gida sun koma hannunsu. Babbar 'yarta kuma ta sami miji, ba a san wane Fada zai ɗaura auren ba. Tambayoyi uku ke nan, kowace da dokar da ke amsa ta.

1. Gida: tukunya ce ma'auni

A Hausa gida yana nufin gini, yana kuma nufin mutanen da ke cikinsa. Katanga ɗaya da zaure ɗaya suna iya ƙunsar sassa uku ko huɗu. A zamanin gandu, uba da 'ya'yansa masu aure suna noma tare, rumbu ɗaya, maigida ne ke biya wa kowa haraji, ɗa kuwa yana da gayaunarsa. Da gandu ya watse, kowane sashe ya ɗora tukunyarsa.

Hukuma ta bi wannan ma'auni. A ƙidayar jama'a ta 2006, gida shi ne mutanen da ke zaune tare, suna ci daga tukunya ɗaya, suna kuma amincewa da mutum ɗaya a matsayin shugabansu. Ba a sa jini sharaɗi ba, ba a kuma ce shugaban sai namiji ba. To, in gwauruwar nan tana dafa nata ita da 'ya'yanta, gida guda ce mai zaman kanta, ita ce kuma shugabarsa, ko da tana ƙarƙashin rufin yayarta. Ya kamata a rubuta ta da sunanta. Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama ko'ina a Nijeriya (sashe na 41), ya kuma kare sirrin gidansa (sashe na 37), ko da ɗakin haya ne.

2. Iyali: aure ne tushe

Dokar Nijeriya ta san aure iri uku: na al'ada, na Musulunci, da na Dokar Aure ta 1914, wanda jama'a ke kira auren kotu. Na ukun mace ɗaya ne da namiji ɗaya. Wanda ya yi shi, sa'an nan ya ƙara aure bisa al'ada alhali na farko yana nan, auren na biyu ba shi da tushe, dokar kuma ta tanadi ɗaurin shekara biyar.

A nan ne da yawa daga cikinmu suke kuskure. Aure a gaban Fada da shaidu biyu sakramenti ne cikakke tsakanin masu baftisma. Amma domin ya zama auren doka a idon hukuma, sai an ba da sanarwa wurin magatakardan aure, an jira kwana 21, an karɓi takardarsa, an kuma ɗaura auren a majami'ar da ke da lasisi. In ba a yi haka ba, kotu za ta dubi auren ne ta fuskar al'ada, wato sadaki da yardar iyaye. Kowane ma'aurata su tambayi Fada irin takardar da ke hannunsu.

3. Dangi da gado

Dangi sun fi iyali faɗi, kuma su ne mafaka ranar gudu. Amma an ce dangi rigar ƙaya. A shekarar 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu masu nauyi. A shari'ar Ukeje ta rushe al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta, bisa sashe na 42 na Tsarin Mulki. A shari'ar Anekwe da Nweke kuma ta la'anci al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi ɗa namiji ba. Dukansu sun taso ne daga al'adar Ibo, amma hukuncin Kotun Ƙoli yana ɗaure kotunan ƙasa baki ɗaya. Saboda haka ƙannen miji ba su da ikon cewa kome ya koma hannunsu don kawai wansu ya rasu.

A Zamfara, inda aka faɗaɗa shari'ar Musulunci tun Janairu 2000, iyalai da dama suna da Kirista da Musulmi a tsatso ɗaya. Yana da kyau mu san ƙa'idar maƙwabtanmu. A shari'ar Musulunci matar mamaci tana samun kashi ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu in babu. Bambancin addini yana hana gado, amma mutum yana iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba. Sanin wannan tun da rai yana hana rigima bayan mutuwa.

Ikkilisiya ma tana auna dangantaka. Doka ta 1091 ta hana aure tsakanin dangin jini har zuwa mataki na huɗu, wato 'ya'yan wa da ƙane, da taubasai. Mai nufin auren zumunta irin wannan sai ya nemi izinin Bishop tukuna.

4. Mazauni a dokar Ikkilisiya

Kundin Dokokin Ikkilisiya na 1983 ya san mazauni iri biyu. Bisa doka ta 102, mazauni na dindindin yana samuwa in mutum ya zauna da niyyar daɗewa har abada, ko ya cika shekara biyar. Mazauni na wucin gadi kuwa yana samuwa da niyyar zaman wata uku, ko da cikarsu. Doka ta 106 ta ce ba a rasa mazauni sai an tashi da niyyar ba za a komo ba.

Ku lura da alherin da ke cikin wannan. Wadda aka kora daga ƙauyenta tana begen komawa, ba ta rasa mazauninta na asali ba, ta kuma sami na biyu a Gummi bayan wata uku. Fadan da ke kula da inda ta sauka makiyayinta ne na halal (doka ta 107). Auren 'yarta kuma ana iya ɗaura shi inda ɗaya daga cikin masu auren ya yi zaman wata guda (doka ta 1115). Ashe a wurin Ikkilisiya, wanda ya bar gida dole, gida bai bar shi ba. Iyali Mai Tsarki ma sun yi gudun hijira zuwa Masar, ba su daina zama iyali ba. Taron Vatican na Biyu a 1964 ya kira iyali Ikkilisiya ta cikin gida, kuma wannan suna ba ya rataya a kan bango ko jinka.

5. Abin da ya kamata mu yi

Rigakafi ya fi magani. A haɗa takardun baftisma, na aure da na haihuwar yara wuri ɗaya, inda za a iya ɗauka da sauri. In sun ƙone, rajistar majami'ar da aka yi baftisma tana nan, a nemi sabon kwafi. Maigida ya rubuta wasiyya, ya sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki. Mai gona ya nemi takardar shaida daga ƙaramar hukuma, gama Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da izinin mallaka a karkara. Wanda ya sauka a sabon wuri ya kai sunansa wurin katikis a makon farko. Zumuntar Mata kuma ta raka gwauraye wurin rubuta suna da wurin sulhu, gama zumunta a ƙafa take.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Gida nawa ne a cikin katangarku in aka auna da tukunya?
2. Wace irin takardar aure ke hannunku?
3. Wane baƙo ne a unguwarku da Fada bai san da zuwansa ba?

Ya Allah Ubanmu, wanda ka kiyaye Yesu, Maryamu da Yusufu a ƙasar baƙunci, ka tsare iyalanmu da suka warwatsu, ka ba gwauraye da marayu masu tsaya musu, ka komo da mu gidajenmu lafiya. Ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.