Auna Kayanka Kafin Ka Kama Sito

Ɗana, na ji saƙonka. Ka ce wa'adin hayar gidanka na Bronx ya kusa cika, kana so ka zo gida ka yi wata huɗu, kana kuma neman inda za ka zuba kayanka kafin ka koma. Shawarar ta yi, don biyan haya a New York ba kowa a cikin gidan ɓarnar dukiya ce. Sai dai na ga ka fara da tambayar wane kamfanin ajiya ya fi, alhali ba nan matsalar take ba. Ko Public Storage ne, ko CubeSmart, ko U-Haul, duk ɗakuna ne a jere masu ƙofar ƙarfe, a ba ka guda ka sa kwaɗonka, ka riƙa biya wata-wata. Abin da zai ci maka kuɗi shi ne girman ɗakin da ka kama.

Da ƙafa suke awo a can. Ƙaramin da aka fi samu ƙafa 5 ne tsawo da faɗi, kamar wurin rataye tufafi. Kwalaye da akwatuna kaɗai yake ɗauka. Na gaba 5 da 10, sai 10 da 10, sai 10 da 15, sai 10 da 20 wanda ya kai garejin mota ɗaya. A nan mutane ke ruɗewa. Sai ka ji an ce 10 da 10 ninki biyu ne na 5 da 5, alhali ninki huɗu ne: wancan murabba'in ƙafa 25, wannan 100. Akwai kuma awo na uku da ba a cika sa shi a talla ba, wato tsayi. Yawancin ɗakunan sukan kai ƙafa 8 daga ƙasa zuwa sama, kuma kuɗinka ya biya har da wannan sararin. Wanda ya iya ɗora kwali kan kwali, mai nauyi a ƙasa marar nauyi a sama, zai zuba a 5 da 10 abin da wani zai baza a 10 da 10.

Kada ka yi ƙiyasi da ido. Kaya a warwatse cikin gida sun fi kama da yawa, in an tattara su kuma sai su ba ka mamaki. Ka sayi tef na awo da na liƙawa, ka zana 5 da 10 a tsakar falonka, ka shigar da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji. Ka fara da manya, don su ne ke yanke hukunci. Katifar da suke kira kwin faɗinta ƙafa 5 ne, tsawonta ƙafa 6 da inci 8, ka ga a ƙaramin ɗakin nan sai an yi kokawa da ita, in ma ta shiga. A 5 da 10 kuwa jingine ta za ka yi da dogon bango ta zauna lafiya. Gado a kwance shi, tebur a cire masa ƙafafu, a ɗaure kusoshin cikin leda a liƙa a jikinsa. In da hali ka je ka auna ɗakin da kanka har da faɗin ƙofa, domin awon da ke rubuce kusan-kusan ne, wani lokaci yakan gaza.

Bari in ba ka labarin wautata. Shekarun da nake tuƙin tasi a New York, na taɓa kama 10 da 10 da niyyar wata uku, don kawai na kasa rabuwa da wasu tsofaffin kujeru da talabijin mai ƙaton baya. Wata uku suka zama shekara biyu. Ranar da na buɗe ƙofar na yi lissafi, kuɗin da na biya sun isa su sayi sababbin kujerun har in sami canji, ƙarshenta kuma kyauta na ba da su. Ba wanda ya cuce ni, ni na cuci kaina. Saboda haka kafin awo ma, ka ware kayan kashi uku: na ajiya, na sayarwa ko bayarwa, da na sa wa a duro a aiko gida. Kakanka bai taɓa gina rumbu ba sai ya dubi abin da gona ke bayarwa, kuma bai taɓa zuba ƙaiƙayi a ciki ba.

Amma kada ka matse ƙwarai. Araha ba ta ado. Kai da za ka rufe ka tafi wata huɗu, cika shi maƙil ba laifi. Wanda zai riƙa zuwa ɗauko rigar sanyi ko takarda shi ne ke bukatar siririyar hanya a tsakiya, sai ya ƙara girma kaɗan. Kowane kwali ka rubuta abin da ke ciki, rubutun yana duban ƙofa.

Game da shaddojinka da takalman fata da littattafai, bazarar New York akwai laima, laima kuwa ita ke kawo fumfuna. Gara ƙaramin ɗaki a ginin da ake daidaita zafi da sanyinsa da babba wanda ba a yi. Abinci kuma kada ka kuskura. Na san halinmu, za ka ce kilishi da daddawa da kuka ba sa lalacewa. Ɓera ma ya san haka, kuma dokar wurin ta hana. Haka nan fetur da tukunyar gas. Fasfo da takardun zama da na makaranta su zauna a jikinka.

Kuɗin da za su gaya maka na watan farko na jan hankali ne, ka tambayi na wata na biyu da na inshora, ka kuma sani suna iya ƙarawa daga baya. Ka sa banki ya riƙa biya da kansa kafin ka hau jirgi, don in bashi ya taru doka ta ba su damar yin gwanjon kayanka bayan sun aika sanarwa, kai kuwa kana nan kana shan fura. Ka bar wa wani amintacce makulli guda.

Gwaggonka na gaishe ka, ta ce kada ka manta da man zafin nan na gwiwa.